Gidan da Hanya Ba Ta Taɓa Ba

Ranar buɗe sabuwar hanya ranar kiɗa ce da guɗa. Ana yanka ƙyalle, ana jawabai, ƴan lakwal sun yi layi a bakin kwalta da tutoci a hannu, kuma babu mai hankalin da zai ce murnar ba ta da dalili. Wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibiti cikin amalanke, jaki na nutsewa cikin rairayi, ya san darajar hanya ba sai an karanta masa ba. Bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi ya sake wa manyan garuruwa kama ɗaya bayan ɗaya: Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018. Yamai kuwa ta samu gadojin sama, daga ta Mali Bero a 2013 zuwa ta Diori Hamani a 2018, sannan babbar hanyar da ta haɗa filin jirgin sama da tsakiyar birni a 2019. Sai dai a cikin taron masu tafi akan sami wani mutum da ke tafi da rabin zuciya.

Ba sai an ba shi suna ba, domin kowace unguwa tana da irinsa. Gidansa na ƙasa ne, gadon mahaifinsa, kuma igiyar masu awo ba ta shiga cikinsa ko da taki ɗaya ba. Amma kafin a zuba kwalta sai da aka yi ciko da jar ƙasa, hanya ta tashi ta fi dokin ƙofarsa tsawo. Da damina ta faɗi, ruwan da a da yake bin tsakiyar lungu ya wuce, yanzu kwalta ba ta shansa, sai ya gangaro cikin zaure ya kwanta a gindin bango. Da dare manyan motoci na wucewa, kwanukan da ke jere a ɗakin uwargida na kaɗawa, tsaga ta bayyana a katanga. Yaran mota da ke zaune bisa kaya suna hangen tsakar gida. Yara ba su sake wasa a ƙofar gida ba. A ce, alal misali, dillali ya taɓa yi wa gidan kuɗi miliyan 10 na sefa. Yau in ya zo sai ya dubi alamar ruwa a bango ya ce miliyan 7, shi ma in an sami mai so.

Maƙwabcinsa da hanya ta ci rabin gidansa yana da suna a takarda. An ƙidaya ɗakunansa, an yi musu kuɗi, kuma ko diyyar ta yi jinkiri ko ta yi kaɗan, yana da abin da zai riƙe ya yi ƙorafi. Doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara da doka mai lamba 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008, ta tsara yadda hukuma ke karɓar dukiyar mutum domin amfanin jama'a, kuma kundin tsarin mulki na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya tanadi, a aya ta 28, cewa ba a raba kowa da dukiyarsa sai da diyya ta adalci wadda aka biya tun kafin a karɓa. Waɗannan nassoshi duk sun fuskanci wanda aka karɓe wa abu. Mai gidan da ke shan ruwa kuwa ba a karɓe masa komai ba. Katangarsa na tsaye, takardarsa na cikin akwati, miliyan 3 ne kawai suka bi iska. Shin yana bin wani bashi, ko kuwa abin da ya same shi ƙaddara ce irin ta fari da gobara, wadda ba a kai ƙarar kowa a kanta?

Masu cewa ba ya bin kowa komai ba wawaye ba ne, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa farashi ba dukiya ba ne, ra'ayin kasuwa ne kawai, yau ya hau gobe ya sauka, kuma babu gwamnatin da ta taɓa yi wa mai gida alkawarin cewa kuɗin gidansa zai tsaya wuri ɗaya. Suna cewa zaman gari zaman haƙuri ne, kowa na jure hayaƙin wani. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta aljihu: ƙasar da ke cin bashi kafin ta shimfiɗa kilomita ɗaya, in aka ce sai ta biya duk wanda ƙura ta taɓa, to ba za a sake yin hanya ba, kuma mai naƙuda za ta ci gaba da tafiya cikin amalanke saboda barcin mai gidan birni.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun riga injiniyoyi tunani a kan cutar da ke ƙetare katanga, kuma littattafansu na nan a zaurukan karatu daga Damagaram har Tawa. Tushensu hadisin nan ne da ya hana cuta da cutarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, ko ya yi haƙan da zai cutar da shi ko da cikin mallakarsa ne. Muhtasar na Halil, a ƙarni na 14, ya lissafa hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da duk abin da ke raunana bango, a cikin abubuwan da alƙali ke hanawa. Bai sa tare haske ko iska a ciki ba, haka ma ƙarar mabuga, ko da yake masu sharhi sun ce in ƙarar ta tsananta ta dawwama ita ma a hana ta. Mabugi dai yana ajiye sandarsa da magariba. Tirela ba ta san magariba ba.

A Tunis, a farkon wannan ƙarni na 14, an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma bar littafi kan hukunce-hukuncen gini. A cikinsa akwai wata dabara ta gane ko dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana girgiza bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin ɗakin, a zuba mata ƴan busassun ƙwayoyi masu saurin mirginawa, a ce wa mai niƙa ya fara aiki. In ƙwayoyin suka motsa, cuta ta tabbata. Abin sha'awa a nan shi ne ba a ce wa mai ƙara ya je ya yi haƙuri ba, ba a kuma gaskata shi da baki kawai ba. An ɗauki kukansa da muhimmancin da ya kai a auna shi.

Amma maganin da fiƙihu ya tanada shi ne a kawar da cutar: a toshe tagar, a tayar da majemar, a matsar da dutsen niƙa. Hanya kuwa ba ta matsuwa. Babu alƙalin da zai ce a naɗe kwalta a mayar, kuma bai kamata a samu ba. A nan ne tambayar ta sake kama, kuma a nan ne labarin Ingila yake da amfani, domin can ne aka fi daɗewa ana kokawa da ita a gaban shari'a.

A 1869 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da sunan Brand. Masu wani gida a yammacin Landan sun nemi diyya saboda girgizar jiragen ƙasa na layin Hammersmith, wanda bai ci ko taki ɗaya na filinsu ba. Kotu ta ce ba su da haƙƙi: majalisa ce ta ba da izinin layin, abin da majalisa ta halatta kuwa ba a ƙararsa a matsayin cutar maƙwabtaka, kuma dokar ba ta tanadi diyyar wucewar jirage ba. Aka zauna a kan haka shekara ɗari. A watan Yuli na 1970 aka buɗe Westway, wata hanyar sama mai tsawon kusan kilomita 4, wadda wani sashenta ya bi gefen wannan layin dogo ɗin dai. Motoci suka riƙa wucewa daf da tagogin ɗakunan kwana na talakawan unguwar. Mazauna titin Acklam suka rataya ƙyalle a jikin gidajensu, suna neman a fitar da su daga wannan azaba a sake musu matsuguni, hotunan suka bazu cikin jaridu. A 1972 gwamnati ta fitar da takardar manufa, a 1973 majalisa ta yi dokar diyyar filaye.

Kashi na farko na wannan doka an yi shi ne musamman domin mutumin da ba a karɓe wa komai ba. Ya ba shi damar neman diyyar faɗuwar darajar gidansa in sanadinta ɗaya ne daga cikin abubuwa bakwai da ke fitowa daga amfani da sabuwar hanya: ƙara, girgiza, wari, tururin iska mai guba, hayaƙi, hasken fitilu, da kwararar wani abu, ruwa ko daskararre, zuwa cikin filinsa. Ba a shigar da buƙata sai hanya ta shekara ɗaya ana binta, don a ga ainihin halinta, sannan mutum yana da shekara 6. Dole ya kasance ya mallaki gidan tun kafin a buɗe hanyar, domin wanda ya saya daga baya ya riga ya saya da rahusa. Ba a biyan wanda kukansa shi ne an tare masa kyan gani. Duk wanda ya ajiye wannan lissafi kusa da na Halil zai yi mamakin kamarsu, alhali ƙarni shida da teku suna tsakaninsu.

Faransa ta bi wata hanyar ta iso kusan wuri ɗaya. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1789 ta ce, a aya ta 13, nauyin tafiyar da ƙasa a raba shi tsakanin ƴan ƙasa daidai da ƙarfin kowa. Daga wannan tunani alƙalan shari'ar mulki suka gina ƙa'idar cewa maƙwabcin wani aikin gwamnati yana iya samun diyya ba tare da ya nuna an yi kuskure ba, muddin cutar da ta same shi ta wuce abin da kowa ke jurewa, kuma ta keɓanta da shi ko da mutane ƙalilan. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanci shari'a a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, kuma ita ce zuciyar maganar.

Hanya tana da kuɗi iri biyu. Akwai wanda aka rubuta a kwangila: tsakuwa, kwalta, gazuwal, ladan ma'aikata. Wannan kowa ne ke biya, ta lanho da kuɗin kwastan da bashin da jikoki za su gada. Akwai kuma wanda ba a rubuta ba: bangon da ruwa ke ci, barcin da ya ƙaura, miliyan 3 da suka ɓace. Ƙin rubuta shi bai sa ya daina zama kuɗin hanya ba. An dai ɗora shi ne a kan gidaje ashirin ko talatin da tsautsayi ya ajiye a bakin layi, alhali dubban mutane ne ke more hanyar. Haraji ne da ba majalisar da ta zauna a kansa, wanda alƙalamin mai zane ya zaɓi masu biyansa. Da za a aiko wa mutumin nan takarda a ce ya kawo miliyan 3 gudummawar hanya, maƙwabcinsa na lungun baya kuwa ko dala, da kowa ya ce zalunci ne. Sakamakon ɗaya ne, takardar ce kawai babu.

Da wannan ake amsa wa masu hujjar aljihu. In hanya ba za ta yiwu ba sai an bar wasu ƴan gidaje da asararsu, to ba arha ta yi ba, an ɓoye wani sashe na kuɗinta ne a zauren talaka. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski. Tarihin Makka ya nuna cewa lokacin da Halifa Umar ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma ya rushe nasu ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Girman manufa bai shafe bashin ba. In ɗakin Allah bai ci dukiyar mutum kyauta ba, da wuya a ce hanyar tasha ta fi shi alfarma. Bugu da ƙari, hukumar da ta san za ta biya kuɗin ruwan da ya shiga gidaje ita ce za ta tuna da magudanar ruwa tun a kan takardar zane, kuma magudana ta fi diyya arha nesa ba kusa ba.

Sai dai ba kowace asara ce bashi ba, kuma a nan masu cewa farashi ra'ayin kasuwa ne suna da rabin gaskiya. Garuruwa da yawa a kan babbar hanya ta ɗaya suna rayuwa ne da tsayawar matafiya: masu albasa a Galmi, masu abinci a mararrabar Tsarnawa, masu tsire da shayi a Dogon Dutsi. Da za a yi hanyar da ta kewaye ɗaya daga cikinsu, rumfunan bakin tsohuwar hanya za su faɗi warwas, ba don wani abu ya shigo musu ba, sai don wani abu ya daina zuwa. Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, ta yi hukunci a kan irin wannan da misalin mai gidan burodin da wani ya buɗe irinsa kusa da shi: raguwar ciniki ba cutar da ake hanawa ba ce. Dokar Ingila ta 1973 ba ta sa shi cikin abubuwa bakwai ba, alƙalan Faransa ma galibi ba su biyan wanda sauyin zirga-zirga ya janye wa masu saye. Dalilin a fili yake. Mutum ya mallaki bangonsa da barcinsa da sirrin tsakar gidansa, amma bai mallaki ƙafafun masu wucewa ba. Hukumar da ta taimaka wa mai tsire ya koma bakin sabuwar hanya ta yi kyakkyawan shugabanci, sai dai wannan tausayi ne da hangen nesa, ba biyan bashi ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da masu neman diyya ba su cika son a taɓo ba. Sau da yawa kwalta ɗaga darajar fili take yi. Wanda ya fasa katangarsa ya fitar da shaguna huɗu yana karɓar haya, bai zuba ko tsakuwa ɗaya a hanyar ba, kuma ba a taɓa jin ya je ma'aikatar magajin gari ya ce ga rabon jama'a ba. Mai cewa jama'a ta biya shi in hanya ta rage masa, ya kamata ya yarda jama'a ta sami wani abu in ta ƙara masa. Dokar Ingila tana cire ribar da hanya ta jawo wa mai gida daga diyyar da za a ba shi, Faransa kuma tun a dokar 16 ga Satumba 1807 ta buɗe ƙofar karɓar wani kaso na irin wannan ƙarin daraja. A unguwa ɗaya, ribar masu shaguna tana iya fin asarar masu shan ruwa. Abin da babu shi ne bututun da zai haɗa su.

Ko dokar 1973 ɗin ma tana da ramin da ya kamata a gani. Diyyarta ta mai mallaka ce, ko mai doguwar yarjejeniyar haya. Ɗan hayan wata-wata, wanda shi ne ke kwana cikin ƙarar, ba ya cikinta, domin abin da ake aunawa farashin gida ne ba wahalar mutum ba. A garuruwan Nijar ramin zai fi haka faɗi: gidajen gado da ba a raba ba, filayen da ba su da wata takarda sai shaidar mai unguwa, gwauruwar da ke zaune a ɗakin da sunan mijinta marigayi ke kansa. Duk tsarin da ya ce sai mai cikakkiyar takarda zai yi magana, zai biya wanda ya fi ƙarfi ya tsallake wanda ruwa ya fi ci.

Abin da ya fi hana mai gidan nan magana, duk da haka, ba rashin nassi ba ne. Kunya ce, da tsoron a ce ya ƙi ci gaban garinsu, ko ya raina abin alheri, ko ɗan adawa ne. Akan ce masa ya bar wa Allah. Amma haƙuri halin wanda aka cuta ne, shi ke da ikon ya yafe in ya ga dama. Ba hujja ba ce da wanda ya amfana zai riƙe ya ƙi biya. Wanda ya yafe bayan an amsa cewa yana bin bashi ya yi sadaka. Wanda aka hana shi ko faɗin bashin, ba a bar masa abin da zai yafe ba.

Turawan Ingila suna jiran shekara ɗaya kafin su auna. A ƙasar da ruwa ke zuba wata uku, ma'aunin damina ɗaya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma saninsa ba ya isa gaban hukuma sai da shaida, shaidar kuwa tun kafin motocin ciko su iso ake tara ta: hoton bango da ranar da aka ɗauke shi, tsawon dokin ƙofa daga ƙasan lungu, kuɗin da dillalai biyu suka yi wa gidan a gaban mai unguwa. Bayan ruwan Agusta sai a sake aunawa, maƙwabtan da abin ya shafa su sa hannu a takarda ɗaya su kai. Yawanci ba a yin haka. Mai gida yakan sayi buhun siminti biyu da kuɗinsa, ya ɗaga dokin ƙofa, ya jera buhunan rairayi a bakin zaure, baɗi kuma ya ƙara wani layin bulo a kai.